Salansar Ford Model A ta 1930 ta ƙi zama: ta ina bututun zai bi?

"Assalamu alaikum Baba, da fatan an wuni lafiya. Akwai wata tsohuwar mota Ford Model A ta 1930 da muka gada wajen kakanmu, ta yi shekara da shekaru a rumfa, yanzu na ɗauko ta ina farfaɗo da ita a hankali. Inji ya tashi alhamdulillah. Matsalata salansa ce, tsohuwar ta ruɓe gaba ɗaya babu ma abin da za a kwaikwaya, na yi odar sabuwa daga Amurka da kuɗi masu yawa, ta iso amma ta ƙi zama, bututun yana dukan akwatin sitiyari. Sitiyarin motar a dama yake. Mai waldana ya ce in bar shi ya gasa ta ya lanƙwasa, ko kuma ya haɗa min wata da bututun ruwa ya fitar da ita ta gefe ƙarƙashin matakala. Wanne zan yi? Kuma tun asali ta ina ya kamata bututun ya bi?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta, kai kuma Allah ya ba ka ikon ƙarasa wannan aiki. Na ji daɗin tambayar nan sosai, don yawancin masu tada tsohuwar mota salansa ce abu na ƙarshe da suke tunawa da shi, sai an gama fenti an ɗinke kujeru sannan a ce a kira mai walda ya liƙa wani abu a ƙasa, alhali ita ce take bi ta gefen fetur da katako da sandunan birki, kuma ita ce take ɗauke da hayaƙin da zai iya kashe mutum yana zaune a kujerarsa.

In na fahimce ka abu biyu kake nema, me ya hana wadda ka saya zama, da kuma hanyar da bututu zai bi daga inji har inda zai zubar da hayaƙi. Kafin in yi nisa bari in faɗa maka matsayata: kar ka bari a gasa ta a jikin mota, kar kuma ka yarda da bututun ruwa. Kuɗinka bai tafi a banza ba, mafi yawan abin da ka saya zai yi maka aiki, gaban ne kawai ba na motarka ba.

Me ya sa ta ƙi zama

Kamfanin Ford ya ƙera Model A daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, sama da miliyan 4.8, kuma mafi yawansu na kasuwar Amurka ne, sitiyari a hagu. Injin silinda 4 ne, lita 3.3, ƙarfin doki 40. To wanda ya zana injin nan ya raba kaya ne gida biyu, ya sa sitiyari da feda da sitata a hagu, ya bar dama wa kafireto da manifol na shiga da na fita, wato ƙarafan da ke manne a gefen inji, ɗaya yana shigar da fetur da iska ɗaya yana tattara hayaƙi ya fitar. Bakin manifol ɗin hayaƙi yana can baya yana kallon ƙasa, bututu ya kama daga nan ya sauka ya lanƙwasa ya miƙe baya ta cikin casis na dama, ya shiga tukunyar salansa mai tsukewa, sannan wutsiya ta tafi har kusa da aksul na baya. A motar Amurka wannan wurin fili ne fetal, babu abin da ya tare shi.

Motocin ƙasashen da Ingila ta mulka kuwa, waɗanda galibi aka haɗa a Kanada ko a Ingila, an dawo musu da sitiyari da feda dama, amma manifol bai motsa ba, yana nan a dama inda yake. Kenan akwatin sitiyari da sandarsa da feda da sandar birki duk sun zo sun cunkushe a daidai inda bututun yake sauka. Najeriya ta yi tuƙi a hannun hagu har zuwa 2 ga Afrilu 1972 da aka yi canjin hannu, shi ya sa motar kakanka take da sitiyari a dama, da a Maradi ko Damagaram ya saye ta, ɓangaren Faransa, da wataƙila wannan salansar ta zauna maka ba gardama. Masu sayar da kayan Model A a Amurka kuma in ba ka ce musu komai ba na hagu za su turo, don shi ne kasuwarsu.

Amma kar ka ɗora wa bututun laifin duka tukuna. Mota ce mai shekara sama da 90, akwai abubuwan da suke sa ko salansar da ta dace ta ƙi zama. Na farko manifol ɗin kansa. Na Model A ya yi suna wajen sunkuyawa ta baya, wajen silinda ta 4, saboda zafi da nauyin salansa da yake ɗauke da shi shekaru. Ka cire shi ka ɗora rula ta ƙarfe a kan ramukan hayaƙin nan guda 4, in ka ga na ƙarshen ya sauka ƙasa da sauran to bakin da bututu yake kamawa ma ya karkace, kuma ƴar karkatar da ba ta kai komai ba a sama sai ta zama inci guda ko fiye in an je ƙasa. Wanda na taɓa cirewa a irin wannan injin, ramin na 4 ya sauka har gasket ɗin ya ƙone ta sama, ga wani baƙin layi na toka ya hau jikin bulok kamar an zana da gawayi, mai motar kuma yana ta canza gasket yana mamakin me ya sa ba ya daɗewa. Irin wannan manifol ba a miƙe shi da guduma, ƙarfen kas ne, wato na zubi, tsagewa zai yi. In sunkuyon kaɗan ne a ɗaure na shiga da na fita tare a kai wa mai injin gogewa ya daidaita fuskarsu lokaci ɗaya, in ya yi yawa a nemi wani. Kuma ka tabbata manifol ɗin na mota mai sitiyari a dama ne, don a shekarun nan babu mamaki wani ya taɓa canza shi da abin da ya samu.

Na biyu mazaunin inji. Robobin baya in sun mutu inji yana zama ƙasa, shi ma casis ɗin Model A yana yawan lotsawa a daidai mazaunin inji na baya. Ka ja zare a saman casis daga gaba zuwa baya ka gani. In za ka gyara waɗannan to ka gyara su kafin a auna bututu, in ba haka ba ranar da ka ɗaga injin sai a sake sabon aiki.

Shawarar mai walda

Mai waldanka ba mugunta yake nufi ba, abin da ya saba yi ne a motocin haya kuma yana yi musu aiki. Amma a nan gyaran gangar Auzinawa zai zama. In aka gasa bututu mara kauri aka lanƙwasa ba tare da komai a cikinsa ba, cikin kwanar yana tattarewa bayanta kuma ya baje, hanyar hayaƙi ta tsuke a daidai inda hayaƙin ya fi zafi, injin da dama doki 40 ne da shi sai ya ƙara shaƙewa ya riƙa zafi. In kuma a jikin mota za a yi, ana gasawa ana dannawa da ƙarfe, to duk ƙarfin nan a kan manifol yake sauka. Ga kuma babban abin tsoro, tankin fetur na Model A ba a baya yake ba, yana nan gaban direba tsakanin inji da gilas, fetur yana gangarowa kafireto da kansa ba famfo. Wato wutar waldan tana ƙarƙashin tanki kai tsaye. Ni ban yarda a kunna wuta a wannan wurin ba sam.

Bututun ruwa kuma matsalarsa nauyi. An yi shi ne da kauri don ya ɗauki matsin ruwa, ya ninka bututun salansa nauyi, kuma mun riga mun ce nauyi ne yake sunkuyar da manifol. Sannan farin rufin da ke jikinsa in ya sha wuta yana fitar da wani farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, shi mai waldan ne ma zai fara shaƙa.

Fitarwa ta gefe fa? Na san abin yana burge mutane, sun ga hotunan manyan motocin wancan zamani irin su Mercedes SSK da Duesenberg SJ da Auburn 851 da bututai masu ƙyalli suna fitowa ta gefen bonet. Waɗannan an zana su ne a haka tun daga masana'anta. A motarka in ka yanke bututu ƙarƙashin matakala, bakinsa yana daidai ƙasan taga, kana tsaye a go-sulo hayaƙi yana tashi yana shigowa, robar matakala tana gasuwa, mai shiga da babbar riga ko mai zani yana goga ƙafa a wurin. Ba na ba da shawararsa.

Abin da nake ganin ya fi

Hanya biyu ce mai kyau. Ko ka nemi salansar da aka yi wa mota mai sitiyari a dama, irin wannan sai ka tuntuɓi masu Model A na Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu da Ingila, don su duk irin taka ce a hannunsu kuma sun sha wannan matsalar, ko hoton ƙasan motarsu kawai suka turo maka ya taimaka ƙwarai. In burinka motar ta koma daidai yadda ta fito daga kamfani to wannan ce hanyar, sai dai kuɗin jirgi da jira.

Ko kuma, wadda ni zan yi da ni ne, ka riƙe wadda ka saya. Tukunyar da wutsiyar ka bar su yadda suke. Ka yanke bakin sama mai faɗin nan da yake zama a kan manifol tare da ɗan guntun bututu kamar inci 2 ka ajiye shi da kyau, don shi ne abin da ya fi wuyar yi da hannu. Tsakanin wannan bakin da tukunya shi ne za a sake ƙerawa ya kauce wa sitiyari. Bai fi tsawon hannu ba, amma duk aikin a nan yake.

Ga yadda nake yi. Ba na auna bututu sai mota tana tsaye a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, kuma an ɗaura duk abin da yake zaune a wannan unguwar: akwatin sitiyari, feda, sandunan birki har na birkin hannu, layin fetur, kafireto, farantin da ke tsakanin inji da casis, da katakon ƙasa. Mutane suna yin kuskuren haɗa salansa a kan casis tsirara saboda ya fi sauƙin shiga, ranar da aka ɗora bodi sai a ga babu inda sandar birki za ta bi. Sai in tallafe tukunyar da jak ko bulo a inda za ta zauna, in ɗaura bakin nan a manifol, sannan in ɗauko rodi siriri mai milimita 6 in riƙa lanƙwasa shi da hannu daga tsakiyar baki zuwa tsakiyar tukunya har in samu hanya. Rodin shi ne tsakiyar bututu. Sai in yanka kwali zagaye-zagaye, faɗin bututu da ƙarin tazarar da nake so ko ta ina, in huda tsakiya in zura su a rodin, in riƙa jan kwalin daga sama har ƙasa. Duk inda kwali ya taɓa wani abu to nan bututu zai yi kusa da yawa. Ana cikin haka sai yaro ya shiga mota ya taka kuloci har ƙasa, ya taka birki da ƙarfi, ya ja birkin hannu, ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ni ina ƙasa ina kallo. Birkin motar nan na sanda ne ba na mai ba, sandar tana tafiya gaba da baya, in ta goga a bututu wata rana za ka taka ka ji ta cije.

Tazarar da nake bari a aikina, inci 1 daga casis da duk wani ƙarfe da ba ya motsi, inci 2 ko fiye daga katako da layin fetur da wayoyin wuta, akwatin sitiyari kuma iya abin da wuri ya bayar, don zafi yana tsinka man da ke cikinsa ya tsiyaye ya bar shi a bushe. A mota mai sitiyari a dama ba lallai ka samu duk wannan ba, wurin ya matse, inda tazara ta gaza sai a sa garkuwa, zan zo kanta.

Wajen kwanoni, kar faɗin bututun ya gaza na asali ko kaɗan, kuma kwana mai laushi ta fi mai kaifi, biyu masu sauƙi sun fi ɗaya mai tsanani. Hanya mafi sauƙi ita ce a samo kwanonin da inji ya lanƙwasa, a je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a duba tsofaffin salansa masu lafiya da faɗinsu ya zo ɗaya, a yanko kwanonin a jera su bisa rodin. In dole sai an lanƙwasa da hannu to a cika bututun da yashi a daddage a toshe bakin biyu sannan a gasa, a kan benci, nesa da mota. Yashin kuma busasshe ƙarau, a soya shi a kan wuta tukuna, don ɗanyen yashi a rufaffen bututu tururi yake zama, yana iya harbo toshiyar ya raunata mutum. Kaurin bututu milimita 1.5 ya isa.

In an jera guntayen a jikin mota a ja layi da alli ko maka a kan kowace mahaɗa, a sauke a ɗiga walda a benci, a mayar a gwada, a sake saukewa. Zai ɗauki hawa da sauka da yawa, mai walda zai gaji da kai, ka biya shi kuɗin yini ka ce ya yi haƙuri. Sai komai ya zauna sannan a yi waldar ƙarshe, ita ma a ƙasa.

Inda ake ɗaurewa da inda ake sakewa

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan. Salansar Model A wuri biyu kawai take kamawa, gaba a manifol da kilam, wato maɗaurin ƙarfe mai ɓari biyu, baya kuma da mariƙi ɗaya a jikin casis. Na gaba a ɗaure yake tam. Na baya ba a ɗaure shi tam, riƙewa kawai yake kamar zobe a yatsa, bututu ba ya faɗuwa ba ya kaɗawa amma yana iya zamewa gaba da baya a cikinsa.

Dalili, ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Baƙin ƙarfe yana ƙara kusan milimita 1.2 a kowace mita in zafinsa ya hau da digiri 100. Ka ɗauka bututu mita 2 ne ya hau da digiri 300, ka ga ya ƙara wajen milimita 7 kenan, in sitenles ne ya kusa 10. In ka ɗaure bayan tam, ko mai walda ya liƙe shi da casis kamar yadda suka saba, wannan tsawon dole ya nemi inda zai je, kuma babu inda zai je sai manifol, wanda a lokacin ya yi zafi ya yi laushi. Yau ya tura gobe ya ja, a haka har ya sunkuya ko ya tsage. Ga shi kuma casis ɗin motocin wancan zamani yana murɗawa a hanya mara kyau, inji ma yana rawarsa daban, musamman in an sa masa mazaunin roba irin na baya-bayan nan. Duk wannan motsin mariƙin baya ne yake shanye shi in an bar shi sake.

Wajen ɗaurawa kuma gaba ake farawa. Ka tallafe tukunya da jak, ka kawo bakin bututu ya zauna a bakin manifol da kansa, daidai ko ta ina, ba tare da ka ja ko ka danna ba. In sai ka sa ƙarfi kafin ya hau to bututun bai yi ba, a sauke a gyara, kar ka ce kilam zai jawo shi, kilam ɗin matsewa ne aikinsa. Ka lura kuma kilam ɗin yana da sama da ƙasa, leɓensa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ka gwada shi a hannu ka ga yadda yake rungumar baki biyun kafin ka ɗaure, in ka kifa shi ba zai taɓa toshewa ba. Notin tagulla ake sawa a nan don kar tsatsa ta cinye su su ƙi kwancewa. Ka ɗaure kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, kana ɗan bubbuga kilam ɗin da ƙaramar guduma yana zama. Sai ka gama da gaba sannan ka je baya, kuma mariƙin ne zai je ya sami bututu a inda yake.

Zafi, katako da fetur

Ƙasan motar nan katako ne. Na taɓa ɗaga katakon wata tsohuwar mota da aka matso da tukunya kusa da shi, ta sama lafiya lau har da shimfiɗa, ta ƙasa kuwa ya zama gawayi, ina sa farce yana marmashewa, mai ita bai taɓa ganin wuta ba amma saura ƙiris. Katako ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba, zafi na yau da gobe yana dafa shi a hankali. Maganinsa garkuwa, falle na ƙarfe ko alminiyom tsakanin bututu da katako, amma da iska a ɓangare biyu, kamar milimita 10 zuwa 15, a ɗaga shi da washa ko ƴan guntayen bututu. Iskar ce take aikin, in ka manna fallen a jikin katako zafin zai ratsa kai tsaye. Haka za ka yi wa akwatin sitiyari in ya matso. Ba na son naɗe bututu gaba ɗaya da ƙyallen zafi, yana riƙe danshi ya ruɓar da ƙarfe da wuri. In kuma ka tarar da wani farin abu mai zare-zare a tsohuwar garkuwa ko a ƙasan katako, ka ɗauka asbestos ne, kar ka kankare shi a bushe kar ka hura, ka jiƙa shi ka rufe hanci ka kwashe a leda.

Fetur kuma, kafireton Zenith na motar nan yana ƙasan manifol ne, gaba kaɗan da inda bututu yake sauka, kuma tun da tanki yana sama in allurar cikinsa ba ta toshewa sosai zai yi ta ɗiga ko mota a kashe take. Kar sabuwar hanyar da za ka fitar ta bi ta ƙarƙashinsa. Ka saba da rufe makunnin fetur duk lokacin da ka ajiye mota. Layin fetur ma ka nisanta shi, don babu famfon da zai tura, a zafin watan Afrilu na Kano in ya yi kusa da bututu fetur yana tafasa a ciki, mota ta mutu a tsakiyar titi ka yi ta zargin kafireto.

Wani abu da ba na hanyar bututu ba ne amma yana ƙona ta: sandar wuta da ke jikin sitiyari, wadda take saita lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ana tada mota da ita a sama, in inji ya tashi a sauko da ita. Wanda ya manta ya yi tafiya da ita a sama, fetur yana ƙarasa ƙonewa ne a cikin manifol, da dare za ka gan shi ja zur. Babu garkuwar da za ta jure wannan.

Wutsiya da hayaƙi

Ta asali a kusa da aksul na baya take tsayawa, ba ta fita har bayan mota. In motarka buɗaɗɗiya ce mai rumfar tamfol kana iya barinta haka. In rufaffiya ce mai ƙofa 2 ko 4 kuma za ka riƙa ɗaukar iyali, ni na fi son a ƙara mata tsawo ta haura saman aksul ta fita baya, masu Model A da yawa suna yin haka. A yi ƙarin da kilam ba da walda ba don a iya cirewa, a ba shi nasa mariƙin mai sassauci. Kafin a yanke hukuncin tsayin kwanar da za ta haura, a zaunar da manya 3 a kujerar baya su yi ta girgiza motar kana kallon iya inda aksul yake hawa, ka duba sifirin ɗin da ke kwance a gicciye da hannun shok da sandunan birki. Ta ƙarƙashin aksul kuwa kar ka bi, tudun kan titi na farko zai tafi da ita. Bakin ya leƙo bayan bodi kaɗan ta kusurwa yana ɗan kallon ƙasa, don mota mai miƙaƙƙen baya tana jawo iska ta bayanta in tana gudu, hayaƙin da aka zubar a tsakiya yana iya dawowa ciki.

Ina nanata wannan ne saboda iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da wani abu, kuma tsohon inji mai kafireto yana fitar da ita da yawa ƙwarai fiye da motar zamani. Ita ce dai take kashe mutanen da suke kwana da janareta a ɗaki. Ka toshe ramukan feda da na giya da duk wata kafa a katako. In ka tarar da hita irin wadda ake kifawa a kan manifol tana hura ɗumi cikin mota, cire ta, ba ka buƙatarta a nan kuma ƴar tsaga kaɗan ta isa ta turo hayaƙi ciki. Ka sayi ƙaramar na'urar nan mai batir da take ƙara in ta ji iskar ka ajiye a mota. Ciwon kai ko jiri ko barci a kan tuƙi, tsaya ka fita. Kar kuma ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji ko na minti kaɗan ne.

Motar da ba a hawa kullum daga ciki salansarta take ruɓewa, don kowace lita ta fetur in ta ƙone tana ba da ruwa kusan lita guda, in bututu bai yi zafi sosai ba ruwan yana kwanciya a tukunya. Ka huda ɗan rami milimita 3 a inda ya fi gangara a ƙasan tukunyar, kuma in ka tada ta ka yi tafiya mai ɗan nisa, ba ka kunna minti 5 ka kashe ba.

Ranar gwaji, ka tada inji a fili, ka kai bayan hannunka kusa da mahaɗar manifol ba tare da ka taɓa ba ka ji ko iska tana bugowa, wani ya ɗan toshe wutsiya da tsumma na daƙiƙa 2 ko 3, in akwai yoyo za ka ji tsit-tsit. Ka bari ta yi zafi ta huce ka sake ɗaure notin manifol da na kilam, ka maimaita bayan fita ta biyu da ta uku. Bayan ƴan kwanaki ka shiga ƙasa da tocila, baƙin toka a mahaɗa yoyo ne, wuri mai ƙyalli a jikin bututu ko sanda gogayya ce, a wajen mariƙin baya kuwa ɗan ƙyalli alama ce mai kyau, yana nuna bututun yana zamewa yadda ake so.

Duk wannan daga nesa nake faɗa ɗana, ban ga motar ba, kuma motar da ta kai wannan shekaru hannaye da yawa sun taɓa ta, tazarar da na ba ka ma ta aikina ce, wurin da ke gabanka shi zai yanke hukunci. Kafin ka sa zarto a sabuwar salansar nan ka turo min hoto 3: gefen dama na inji da bonet a buɗe, manifol a cire da rula a kan ramukansa, da kuma daga ƙasa inda bututun yake dukan akwatin sitiyari da tef a wurin in ga ko inci nawa ne ya hana shi wucewa. In ya kasance manifol ne ya sunkuya ko inji ya zauna, mai yiwuwa yankan da za a yi ya ragu sosai.